Ruwan da Ke Zuwa ta Baya

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ku uku kuka tare ni a bakin ƙofa da waya a hannu. Kuka nuna mini wani Bature a Amurka, zaune cikin ɗan jirgin roba, ba riga a jikinsa, ruwa iya gwiwa, rana tana dukansa. Ya jefa fatsa, ya jawo wani jan kifi mai kaurin cinyar mutum, yana dariya. Ɗan gidan Dakta ya ce, “Baba Mamman, ashe abin easy ne. Mu sayi kayak mu bi ka weekend.” Ban amsa ba. Yanzu zan amsa, kuma sau ɗaya zan faɗa.

Wannan jan kifin babu shi a nan. Ruwan ɗumi yake so. Abin da muke da shi a gaɓar da ke yamma da Manchester taɓo ne, da rairayi, da iska, da ruwa mai launin toka wanda in ka tsoma hannu a ciki sai ka ji kamar an ƙwala maka guduma. Mutum ɗaya na taɓa kaiwa wannan ruwan. Ya fi ni iya su, ya fi ni iya iyo, ya fi ku duka ukun in an haɗa. Sunansa Na'Allah. Labarinsa zan ba ku.

Ɗaure jirgi shi ne aikin farko da aka koya mini. Ni ɗan Sarkawa ne, masunta, daga ƙasar Yawuri, ban yi boko ba. Kawuna ne ya raine ni a bakin kogi, ni da ɗansa Na'Allah, wanda ya girme ni da shekara huɗu. Shekara biyu ina kwashe ruwa daga cikin jirgi da ƙoƙo kafin a bar ni in taɓa filafili. Amma ɗauri tun ranar farko ne. Ka kafa gora cikin laka har ta ƙi motsi, ka jawo jirgi ya manne mata, ka ɗaure gajere, tamau. A kogi dole ne. In ka bar igiya da tsawo, ruwa zai yi ta juya jirgin, ya bugi taru, ya kori kifi. Kawu in ya ga tazarar taƙi ɗaya tsakanin jirgi da gora, ba ya magana, filafili yake saukewa a gadon bayanka. Na sha shi. Na'Allah sau ɗaya ya sha, bai ƙara ba. Ɗaurinsa sai da wuƙa ake kwance shi in ba shi ya zo ba.

Yadda na zo ƙasar nan doguwar hanya ce, ba ita kuka tambaya ba. Legas, jirgin ruwa na kaya, sannan nan. Na sami aikin gyaran kifi a kasuwa a Manchester. Ka tsaya daga asuba zuwa azahar a kan siminti mai jiƙe, ka kankare ɓawo, ka feɗe ciki, ka cire ƙaya. Wuƙa uku nake da su: doguwa siririya ta yanka tsoka, gajeriya ta ciki, da mai kauri ta sare kai. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa kifi mai rai ba. Duk wanda ya zo hannuna ya kwana cikin ƙanƙara, idonsa ya dushe. Ina kwana a wani ɗaki a ƙasan wani tsohon gida a Whalley Range, wanda aka yayyanka shi flat-flat. Na'Allah ya zo bayana. Wani Alhaji ne ya kawo shi gadin gida a Birmingham, daga baya ya sami aikin shara da goge-goge a wurin ninkaya na council, wato ƙaramar hukuma, kusa da Sparkhill. Mutumin da ke nutsewa ƙasan kogi ya fito da giwan ruwa a rungume, shi ne yake goge tayil yana kallon yaran Turawa suna fantsama da robar iska a hannu. Bai taɓa shiga ruwan ba. Ya ce warin magani yake yi.

Wani tsohon Bature da ke kawo mana kifi, Ron, shi ya mai da ni ruwa. Ya ga yadda nake riƙe kifi, ya tambaye ni daga ina nake. Ran Lahadi ya ɗauke ni a motarsa. A nan na yi koyo na biyu, da furfura a gemuna. Jirgin robar da kuke kira kayak ba kwalekwale ba ne. Mutum ɗaya yake ɗauka, a zaune, ƙafa a miƙe. Ba ka tsayawa a ciki. Filafilinsa baki biyu gare shi. In ka juya da ƙarfi don ɗauko wani abu a bayanka, kana cikin ruwa. Amfaninsa ɗaya: yana tafiya a inda ruwa bai kai gwiwa ba, shiru, inda jirgi mai inji ba ya shiga. Da bazara akwai wani farin kifi mai kaurin leɓe da ke kiwo a bakin taɓo, bayansa a waje. In filafilinka ya ɗiga ruwa, ya tafi. Da sanyi kuma sai mai faɗin nan da ke kwanciya a kan rairayi, idanunsa biyu a gefe ɗaya. Mu muka sa masa suna kifin faifai.

Ron bai koya mini kama kifi ba, wannan na zo da shi. Ciko ya koya mini. A gida kogi sau ɗaya yake cika a shekara, kuma yana ba ka labari: ka ga launinsa ya sake, ka ga ciyawa tana gangarowa, kana da sati biyu ka janye kayanka. Teku sau biyu yake cika a yini, sau biyu ya janye. In ya janye sai ka ga fili, rairayi har iya ganinka, kamar ka yi noma a kai. In ya dawo, inda ka tsaya zai zama zurfin mutum uku. Ron ya ba ni wani ɗan littafi mai lambobi. Rubutu ban iya ba, amma lamba na iya. Daga baya na lura da kaina cewa cikon ya fi hauka in wata ya tsaya da kuma in ya cika, kwana biyu ko uku bayan haka. Abu biyu ya nanata mini har na gaji da ji. Na ɗaya, ruwan ba ta gabanka yake zuwa ba. Yana bin kwari ne ya zagayo ta baya, ya raba ka da tudu, kai kana can kana kallon gaba. Na biyu, igiya doguwa. Ka ba jirgi igiya gaba biyar, shida, don in ruwa ya tashi jirgin ya tashi tare da shi. Hannuna ya ɗauki wata shida kafin ya yarda. Kai ya ji, hannu bai ji ba.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Ku kuna firamare lokacin. Gwamnati ta ce babu, council ta ce babu. Mai teburinmu a kasuwa ya rage mu daga biyar zuwa biyu, ni ma kwana uku a sati. Ron ya mutu a shekarar, matarsa ta bar mini jirginsa. A Birmingham aka rufe wurin ninkayar da Na'Allah ke aiki, aka sa sarƙa a ƙofa. Shekararsa hamsin da takwas, ba Turanci sai na gaisuwa, da mata da 'ya'ya shida a gida suna jiran abin da zai aika. Wata huɗu yana zuwa ofishin neman aiki, ana zaunar da shi gaban kwamfuta. Ran nan ya kira ni.

“Ɗan mace, an ce kana da jirgi.”

Haka yake kirana, don uwata ƙanwar ubansa ce. Taubasai muke. Tun muna yara yake cewa ni bawan gidansu ne.

Na ce, “Ina da shi. Ba irin wanda ka sani ba ne.”

“Yana tafiya a kan ruwa?”

“Yana yi.”

“To me ya rage? Ko ruwan ne ba irin wanda na sani ba?”

Na ce masa e, ruwan ne. Ya yi dariya har ya yi tari.

Bandar kifi ita ta riƙe mu a shekarar. Na sami tsohuwar ganga, na huda ta, na jera waya a ciki, na ajiye ta a wani lambun haya na wani ɗan Pakistan a bayan gari, don a gida maƙwabta sun kai ƙarata saboda hayaƙi. Kifin nan ba shi da mai kamar tarwaɗa, saurin bushewa yake yi, sai wuta ƙasa-ƙasa, yini guda, kana juyawa. Matan likitoci da injiniyoyi su ne masu saye. Kowace da nata. Wata ta ce ya yi baƙi, wata ta ce bai ji hayaƙi ba, wata ta ce na garinsu ya fi. Duk da haka sati na zagayowa za su kira. Ɗaliban jami'a kuwa kai da jela suke nema na romo. Na'Allah yakan hau bas daga Birmingham ran Juma'a da yamma, ya kwana a ƙasa a ɗakina, mu yi Asabar da Lahadi a ruwa, ya koma da jaka biyu ya rarraba a Small Heath da Stratford Road. Na samo masa tsohon jirgi a wajen wani mai gwanjo. Nawa rufaffe ne, a kansa kake zama, ko ya kife ba ya cika. Nasa mai rami ne, a ciki kake zama, in ruwa ya shiga ya shiga.

Cikin sati uku ya fi ni tuƙa shi. Wannan gaskiya ce. Yana ganin kifi a inda ni ruwa kawai nake gani. Ya dubi rairayi ya ce a nan suke kwanciya, mu kafa a nan, kuma haka ne. Rigar ceto ya ƙi ta da farko, ya ce ta 'yan makaranta ce. Na ce ba riga, ba mota. Ya sa. Littafin lambobi kuwa ko kallonsa bai yi ba. Igiya ma haka. Maimakon gora, ƙarfen rodi ya samo a wani kangon gini, mai tsawon mutum. Ya kafa, ya jawo jirgi ya manne, ya ɗaure gajere. Na yi masa magana sau biyu. Na farko ya ce, “Yaushe bawa ya fara koya wa ubangijinsa ɗauri?” Na biyu bai yi wasa ba. Ya ce, “Mamman, ni na riƙe hannunka ka koyi ƙullin nan. Kar ka ƙara.” Duk lokutan muna komawa jirgi tun ruwa bai juyo ba, don haka bai ga abin da nake faɗa ba.

Kafa mamari a rairayi aikin mutum biyu ne, amma mu kowa nasa yake kafawa don a sami yawa. Mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi jere. Ka jira ruwa ya janye, ka tuƙa ka haye kwari zuwa tudun rairayi da ke tsakiya, ka ɗaure jirgi, ka taka da ƙafa. Ka binne kan igiyar da katako, ka ja ta, ka sa wa kowace ƙugiya tanar da ka haƙo a taɓo, ka rufe ta da ɗan rairayi don tsuntsaye. Ka tafi. Ruwa ya rufe wurin, kifi ya ci. Washegari in ya janye ka dawo ka kwashe. Da yatsu a sandare kake yi, ƙugiya ta shige ka ba ka ji ba sai ka ga jini. Kana da awa ɗaya da rabi, a ranar kirki biyu.

Wata Hajiya a Small Heath, matar wani injiniya, aka yi mata jika. Ta kira Na'Allah, ya sa wayar a sifika ina ji.

“Malam Na'Allah, suna ran Litinin ne. Ni fa fresh nake so, ba na freezer ba. Mutanen London za su zo, kar ka ba ni kunya.”

“Hajiya, ko kifin ya shiga rami zan bi shi.”

“Ina Baba Mamman? Ya ji ko?”

Na ce na ji. Na kuma ce mata lokacin sanyi ne, ruwan ba shi da tabbas. Ta ce, “Haba, ku da kuke Sarkawa?” Na'Allah ya harare ni, ya ce mata an gama. Ita ce babbar mai sayensa, kuma ita ke haɗa shi da sauran.

Watan Nuwamba ne, sha bakwai ga watan Musulunci. Babban ciko. Mun kafa mamari ran Asabar, shi ya ƙara tsawon nasa ya kusa ninka nawa. Ran Lahadi muka yi asuba a ɗakina, muka ɗora jirage a kan mota, muka isa gari yana wayewa. Iska tana busowa daga teku, ba mai yawa ba. Na duba littafi, na nuna masa agogo. Na ce tara da kwata kowa ya kasance cikin jirginsa, ko an gama ko ba a gama ba. Zan busa usur. Ya ce ya ji.

Muka haye kwarin tare. Tudunsa ne na farko, nawa yana gaba, da wani ƙaramin kwari a tsakani. Na wuce ta gefensa yana ɗaure jirgi. Na ga rodin, na ga ɗaurin, jirgin manne da ƙarfe ta gefen ramin zama. Na gani da idona. Ban yi magana ba. Na tuƙa na wuce.

Kifi ya ci ranar. Kusan kowace ƙugiya ta uku da kifin faifai a kwance. Na kwashe nawa, na naɗe igiya, tara da minti goma ina cikin jirgi. Na busa usur. Na hango shi can ƙarshen tudunsa, wajen teku, a duƙe. Ya ɗaga hannu ɗaya bai ɗago kai ba. Wato jira. Kawu ya hana a bar mamari rabi a ruwa, ya ce wanda ya bar kifi ya ruɓe a ƙugiya ba masunci ba ne. Na sake busawa. Ya miƙe, ya dubi gabansa. Teku yana can nesa, a kwance, kamar ba abin da ya dame shi. Ya nuna mini shi da hannu, ya koma ya duƙa.

Ni kuwa jirgina ya riga ya fara juyawa a kan igiyarsa. Kwarin da muka haye da ruwa iya cinya ya fara gudu, ba zuwa teku ba, zuwa gaɓa. Ruwan ba ya yin ƙara, ba ya kumfa. Tashi kawai yake yi, kamar ana hura shi daga ƙasa. Na kwance na nufi jirginsa don in sassauta igiyar. Ruwan yana ture ni gefe. Kafin in isa na ga jirgin ya karkata. Gefen da ke sake ya tashi, gefen da ke ɗaure ya ƙi tashi. Ruwa ya haura bakin ramin ya zuba ciki. Ban ƙirga ashirin ba ya cika. Na iso na sa wuƙa ƙarƙashin ruwa ina laluben igiyar, hannuna ya mutu, ruwa ya fizge ni ya wuce da ni. Da na waiwayo, kan rodin kaɗai ake gani. Sannan shi ma ya ɓace.

Na ciro waya daga leda na kira masu ceto. Matar ta tambaye ni ina muke. Wurin ba shi da suna a bakina, ni da ido na san shi. Na faɗi sunan ƙauyen da muka ajiye mota, na ce mutum biyu, jirgi ɗaya. Ta ce kar in kashe. Na mai da wayar cikin riga, don filafili hannu biyu yake so.

Tudun Na'Allah ya rage kamar faɗin tabarma goma lokacin da na zagayo. Kafin in kai gare shi babu tudun. Yana tsaye ruwa iya gwiwa, buhun kifi a kafaɗa.

“Ɗan mace, ka zo ɗaukar ubangidanka? Ina jirgina?”

“Yana ƙasa. Saki buhun.”

“Kifin Hajiya ne.”

“Saki, don ubanka!”

“Uban nawa ne ya koya maka riƙe filafili, marar kunya.”

Amma ya saki. Ya dubi bayansa a karon farko. Tsakaninmu da gaɓa ruwa ne shimfiɗe, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a ranar lafiya.

Muka gwada ya hau bayan jirgin ya kwanta. Na'Allah ƙato ne. Jirgin ya nutsa ta baya, ya kife da mu duka. Na hau da ƙyar. Muka sake gwadawa, ya sake kifewa. Ruwa ya kai masa ƙirji. Yana sanye da wandon roba mai haɗe da takalmi, irin wanda ke kaiwa hammata, ya cika da ruwa ya zama kamar an ɗaura masa buhun siminti. Na ba shi wuƙa ya yanke maɗaurin ya zame shi. Na ce ko ni in sauka shi ya hau. Ya ce, “Kai da iyonka na kare? Tuƙa.” Ya kama igiyar bayan jirgin da hannu biyu, na fara ja.

Ku da ba ku taɓa jan mutum a ruwa ba, ku sani kamar jan itace ne mai rassa. Ka buga filafili goma, ka ci tafiyar biyu. Ciko yana tura mu cikin bakin wani kogi da ke shiga tekun, gefe da gaɓar da nake nema. Iskar ta ƙaru, ruwa ya fara tsalle gajere-gajere, yana marin fuska. Da farko yana magana.

“Wannan ruwa ba shi da tarbiyya.”

“Rufe baki, kana sha.”

“Ni? Ni zan sha ruwa? Ka tuna ranar da na ciro ka a ƙarƙashin jirgin maƙwabcinmu Ɗanbaba, kana kuka kana kiran inna?”

“Na tuna. Harba ƙafa.”

“Ina harbawa. Ba na jin su ne.”

Iyo ba ya maganin sanyi. Wannan ne abin da babu wanda ya gaya mana a Yawuri, don babu wanda ya sani. Ruwanmu ko da hunturu sai dai ya sa ka rawar ɗari. Na nan yana kashe hannu cikin minti goma. Na ji jirgin ya yi sauƙi, na waiwaya, ya saki. Rigar ceto ta riƙe shi a sama, yana kallon hannayensa a buɗe kamar na wani. Na koma, na kama wuyan rigarsa, na zura igiya ta kafaɗunta na ɗaure a jikin jirgin kusa da ni, yadda kansa zai jingina da gefe. Daga nan da hannu ɗaya da rabi nake tuƙi.

Maganarsa ta fara nauyi kamar ta mai maye. Ya ce in karkata dama, akwai dutse a mashigin Gungu, kamar muna kogin gida. Ya ce in gaya wa Inna ta ɗora ruwan zafi. Na ce masa ya yi kalmar shahada. Ya yi, na ji ta, duk da ba ta fita sosai ba. Na ce ya sake. Bai sake ba. Igiyar ruwa tana zuwa ta rufe fuskarsa ta wuce, da farko yana tofarwa, daga baya ya daina. Ina ɗaga haɓarsa da hannun hagu, in saki in buga filafili, in sake ɗagawa. In na riƙe shi, ruwa ya tafi da mu. In na tuƙa, fuskarsa ta shiga. Haka muka yi ta yi. Ban san tsawon lokacin ba.

Jirgin masu ceto ya same mu kusa da ciyawar gaɓa, nesa da inda muka bar mota. Sun yi aikinsu. Suka ɗauke shi, suka yi ta danna ƙirjinsa har asibiti. Ni suka naɗe ni da wata takarda mai ƙyalli. Da la'asar wata likita ta zo ta zauna kusa da ni ta gaya mini. Yatsuna biyu na hagu ba su ƙara lanƙwasuwa ba tun ranar, shi ya sa na bar teburin kasuwa.

A daren na kira gida na faɗa wa Yaya Bawa, babban wansa, wanda yake Sarkin Ruwan ƙauyenmu. Na ce Na'Allah ya rasu. Ya yi salati, bai tambayi komai ba. Hukuma ta riƙe gawar kwana tara ana bincike. Jama'a suka yi ƙoƙari, daga Manchester da Birmingham, aka yi masa sutura, aka binne shi a can Birmingham cikin ruwan sama. Hajiya ta aiko da abinci kwana uku. Na koma inda muka ajiye mota na ɗauko jakarsa da takalmansa a inda ya bar su.

Bayan wata biyu takardar binciken ta zo. Na kai wa Dakta, uban wannan da ya ce easy, ya karanta mini a falonsa. Ya karanta da Turanci, sannan ya fassara. Sanyi ya raunana shi, amma huhunsa cike yake da ruwan teku. Abin da suka rubuta a matsayin sanadi shi ne nutsewa.

A satin Yaya Bawa ya kira ni. Na ji ya tashi daga cikin mutane, na ji ƙarar ƙofar langa-langa, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

“Mamman, kai kaɗai ne a wurin. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ruwa ne ya ci shi?”

A gidanmu, iya kakannin da ake iya ƙirgawa, ruwa bai taɓa cin kowa ba. Da wannan ake ba mu sarauta, da shi ake kiranmu in wani ya faɗa kogi, da shi ake ba 'ya'yanmu matan aure. Na'Allah yana da 'ya'ya maza uku a kan kogin nan. In aka ce ruwa ya ci ubansu, sunan da za a kira su da shi ke nan har su mutu, kuma babu mai ƙara shiga jirginsu ya haye.

Na ce, “Sanyi ne, Yaya. Irin sanyin ƙasar nan. Zuciyarsa ce ta tsaya. Kansa yana sama har muka fito.”

Sannan ya ce, “Alhamdu lillahi. Bari in je in gaya wa yaran.”

Takardar tana ƙasan akwatina. Dakta ya san abin da ke cikinta, ni na sani, yanzu ku uku kun sani. In Allah ya kai ɗayanku Yawuri, ya riƙe bakinsa.